Aron Gonar Sibiri

Ni na fara ganin motarsu, saboda rumfar da nake sayar da burkutu tana bakin hanyar shiga Pilsiga, duk abin da zai shigo garin nan sai ya gifta ta gabana. Babbar mota ce shaƙe da akwatunan ƙarfe, da Nasara biyu a gaba sun yi jawur. Wani saurayi mai tabarau ya diro ya gaishe ni da harshenmu, sai dai harshen ya sha sanyin Faransa har ya ɗan ƙage. Ya ce sunansa Dezire, kakarsa 'yar wannan yankin ce, fim ya zo yi. Na ce masa mu nan ba mu da komai sai zafin rana da babu. Ya yi dariya ya ce ai su ya zo nema.

A lokacin Sibiri da Wango suna kan kututturen da suka mayar nasu, suna rigima a kan ƙwarya ɗaya kamar kullum. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwo, gonakinsu ma iyaka ɗaya. Wango gajere ne mai baki, ko barci yake leɓensa na motsi. Sibiri kuwa dogo ne siriri, kafin ya ce uffan ka gama cin tuwo.

"Ka sha rabona, ɓarawo," in ji Wango. "Dubi wuyansa, kamar na zalɓe, kafin ya kai ciki rabi ya ƙare a hanya."

"Ka yi kuka mana," in ji Sibiri. "Ka saba tun ranar kaciya."

"Ƙarya kake! Hayaƙi ne ya shiga idona!"

"Hayaƙi ne ya sa ka kira uwarka?"

Dezire ya tsaya da baki buɗe yana kallonsu. Nan take ya ce ya samu mutanen da yake so. Ya zauna a ƙasa ya ba su labarin fim ɗin: wasu aminai biyu ne a shekarar fari, suna jiran ruwa, ruwa ya ƙi zuwa, daga ƙarshe ɗaya ya tafi ci-rani ya bar ɗayan.

"To ina labarin yake?" in ji Wango. "Wannan ai abin da ya faru bara ne."

Gonar Sibiri ya zaɓa. Tana kan tudu, jar ƙasa ce mai tsakuwa, da wata karkatacciyar kuka a tsakiya. Ba wanda ya taɓa yi wa gonar nan kallo biyu, amma Dezire ya zagaya ta yana haɗa yatsu yana leƙawa ta tsakaninsu, yana cewa ya yi, ya yi. Ya ce zai biya haya. Sibiri ya ɓata rai, domin mu ba mu hayar ƙasa, ba mu sayar da ita, aronta ake yi. Saboda haka aka kama kaza aka je gaban tsoho Yabre, mai kula da al'adun ƙasa a garinmu. Aka yanka ta a gindin kukar, ta yi ta birgima, ta mutu a rigingine, alamar ƙasa ta yarda. Sibiri ya ce, "Na ba ka aro." Aka koya wa Dezire amsa, ya ce, "Na karɓa, da bakina zan mayar." Kowane yaro a garin nan ya san ma'anar wannan: daga ranar, mai gona ba ya sa mata fartanya sai wanda ya ara ya tsaya gabansa ya ce, "Ga gonarka, na gode." Dezire ya faɗi nasa yana murmushi, Nasaransa suna ta ɗaukar hoto. Ni dai ban ji daɗin murmushin nan ba.

Aka fara aiki da bazara. Ni ce mai dafa musu abinci, don haka na ga komai. Ban taɓa ganin mutane masu yin abu a baibai irin 'yan fim ba. Da ƙarshen labari suka fara. Aka ba Wango ƙunshin kaya a kan sanda, aka ce ya kama hanya ya tafi Abijan, Sibiri ya tsaya a gindin kuka ya bi shi da kallo, sannan ya ɗaga kai sama ya ce, "Bana ma babu." Wango ya yi ta tafiya Abijan yana dawowa tun hantsi har rana ta take. Da ya yi nisa sai a ƙwala masa kira ya dawo, wai jaki ya yi kuka, ko wai inuwa ta gusa.

"Ɗan'uwa," ya ce wa Dezire yana haki, "in da gaske nake tafiya da yanzu na aiko wa matata zane."

Sibiri kuwa sai ya ba kowa mamaki. Da an kunna na'ura sai fuskarsa ta zama wata iri, ba ya yin komai, tsayuwa kawai, amma ko ni da na san shi tun yana yawo ba wando sai na bar tuƙin tuwo na tsaya ina kallonsa. Dezire yana kiransa Kawu, yana riƙe masa lema da kansa. Ban taɓa ganin an riƙe wa Sibiri ko ƙofa ba kafin wannan.

Sun yi kamar rabin aikin sai na'urar ta tsaya. Wai ƙura ta shiga cikinta, kuma ba mai gyara ta sai a Faransa. Suka loda akwatunansu cikin gaggawa. Dezire ya riƙe hannun Sibiri a bakin rumfata.

"Kawu, mako biyu ko uku za mu dawo. Don Allah kada a taɓa gonar nan. Yadda take a hoton jiya, haka za ta fito a hoton gobe. Ko sawun fartanya ɗaya, ko ɗan kore ɗaya ya bayyana, duk wahalarmu ta tashi a banza."

"Gonarka ce," in ji Sibiri.

Na matsa kusa na zungure shi. "Ka sa ya mayar maka kafin ya hau motar nan. In ya dawo ka sake ba shi."

Ya harare ni kamar na ce ya yi tsirara a kasuwa. Mota ta tashi.

Shekara da shekaru muna roƙon ruwa yana yi mana rowa. A wannan shekarar, da ba a so ya yi sauri, sai ga shi tun kafin lokacinsa, kamar da bakin ƙwarya. Washegari gari ya watse, kowa da sungumi da ƙoƙon iri, har tsofaffin da suka ce ƙafa ta hana su fita. Ƙamshin ƙasa ya cika ko'ina. Sibiri ya fito, ya tsaya a iyakar gonarsa, ya kalli hanya, ya koma ya taya Wango shuka.

Mako biyu suka wuce, uku suka wuce. Aka sake ruwa, aka sake. Gero ya tsiro a kowace gona. A gonar Sibiri ma ciyawa ta fito, ita ba ruwanta da wani aro. Wata safiya ina tafiya ɗiban itace na hango mutum a tsugune a kan tudu. Da na matsa na ga Sibiri ne, yana cire ciyawa da yatsunsa, ɗaya bayan ɗaya, yana shafe wurin da tafin hannu don kada sawu ya fito. Yana zubawa a kwando ya kai bayan gona. Na tsaya ina kallonsa har itacen ya fita raina. Ruwan da muka yi ta yanka kaji muna nema ya zo har gida, shi kuwa yana nan yana gyara wa fari wurin zama.

Da kukar ta fara toho, sai ya hau ya tsige ganyen. Matarsa Zalisa tana ƙasa tana tarawa, ta riga ta daina yi masa magana. Miyar kuka dai ba su rasa ta ba a daminar nan. Abin da za a ci da ita ne ya fara gagara, har suka taɓa damin geron da aka ajiye na iri.

Wango ya yi ba'a, ya yi zagi, ya yi lallashi. Da ya ga ba ci, sai ya ja shi gaban tsoho Yabre, ni ma na bi su, domin ba a yin irin wannan ba ni. Tsohon ya daɗe yana tauna goro. Ya ce magana an riga an faɗe ta, kaza ta karɓa, shi ba shi da ikon kwancewa. Sannan ya murza idonsa ya ce, "Amma idanuna sun mutu, ɗana. Tudun nan yana da nisa. In wani abu ya tsiro a can, ni ba zan gani ba."

Ko jaki aka yi wa wannan magana ya gane. Sibiri ya ce, "Ƙasa za ta gani, Baba."

Washegari Wango ya ɗauki sunguminsa da irinsa ya nufi tudu. Ya ce shi bai ba kowa aro ba, bai yi wa kowa alkawari ba, shi zai shuka. Sibiri ya tare shi a iyaka. Na ji hayaniya na rugo.

"Matsa mini, dogon banza!"

"Ba za ka shiga ba."

"'Ya'yanka hoto za su ci? Ka dafa musu hoto? Yaron nan yana can yana cin burodi da Nasara, ya manta da sunanka!"

"Ya ce da bakinsa zai mayar."

"Bakinsa na Faransa!"

Wango ya ɗaga sungumi zai sara ƙasa, Sibiri ya riƙe ƙotar. Suka yi ta kokawa, tsofaffin banza, har suka zube ƙasa, iri ya watse. Wango ya tashi da jini a leɓe, yana kuka sosai, wannan karon ba hayaƙi. Sibiri kuwa ya durƙusa yana tsince ƙwayoyin geron da suka faɗa cikin gonar, kada su tsiro.

Da yamma Sibiri ya zo rumfata shi kaɗai. Na ba shi ƙwarya, na kuma ba shi abin da ke bakina. Na ce masa taurin kai ne, girman kai ne, kuma Zalisa da yara ne za su biya. Ya bar ni har na gaji. Sannan ya ce, "Talato, tun da aka haife ni, ni ke zuwa aro. Jaki, gatari, iri, rigar zuwa biki. Ba wanda ya taɓa zuwa ƙofata ya ce in ara masa wani abu. Sau ɗaya aka zo. Kina so in zama mutumin da ya ba da aro ya bi ta baya ya ƙwace?"

Na ƙara masa burkutu, kuma haushin maganar nan yana cina har yau.

Wango bai haƙura ba. Ya ari keke ya tafi Wagadugu, ya ce ko a ƙarƙashin gado Dezire yake sai ya jawo shi ya faɗi kalmomin nan. Ya bar noman farko a tsakiya, Sibiri ne ya ƙarasa masa. Da ya dawo ya rame, tayar keken ɗaya cike da tsumma. Ya ce ya sami gidan, ƙofa a garƙame, mai gadi ya ce maigidan ya tafi ƙasar Nasara neman kuɗin ƙarasa fim, ba a san ranar dawowarsa ba. Ya zauna a kan kututture, Sibiri ya miƙa masa ƙwarya, suka sha ba wanda ya zagi wani. Ban so wannan shirun ba, gara mini faɗansu.

Sai da gero ya wuce kan mutum sannan motar ta dawo, ƙarama wannan karon, da Dezire da Nasara ɗaya. Duk garin ya bi su zuwa tudu. Ko'ina kore shar, gonaki sun yi duhu, sai gonar Sibiri a tsakiya, jawur, a share tas, da kukarta tsirara kamar tsakiyar rani. Dezire ya tsaya cak. Ya cire tabarau.

"Kawu... ba ka shuka ba?"

"Ba ka mayar ba."

"Mayar da me?"

Wallahi ya manta. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa, fuskarsa ta yi fari fat. Ya fara magana yana in'ina. Ya ce tun da ya ji an yi ruwan farko ya san ba za a ƙara ɗaukar komai a nan ba, ai ko gonar ta zauna yadda take, bayanta duk ya yi kore. Ya ce sun riga sun gajarta labarin a can, sun haɗa abin da ke hannu, muryoyi kawai suka zo ɗauka. Ya ce ya ɗauka kowa zai gane. Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska yana kuka. Kukan gaskiya ne, ban ce ba, amma da ina da iko da na hana shi, domin ba shi ya kamata ya yi ba.

Nasaran ya sunkuya ya raɗa masa wani abu a kunne. Dezire ya girgiza kai. Ya sake raɗa masa. Can sai Dezire ya miƙe, bai iya kallon kowa ba, ya ce, "Kawu, ko za ka tsaya a gindin kukar, ɗan lokaci kaɗan?"

Wango ya yi kansa, sai da mutum uku suka riƙe shi. Sibiri kuwa ya je ya tsaya, domin har lokacin gonar ba tasa ba ce. Suka ɗauke shi, shi kaɗai a jar ƙasa, gonakin mutane sun kewaye shi. Da aka gama Dezire ya zo gabansa, tsoho Yabre ya tuna masa kalmomin.

"Ga gonarka, na gode."

"Madalla," in ji Sibiri. "Ka duba da kyau. Yadda ka bar ta."

Dezire ya ba shi duk abin da ke aljihunsa, ba zan yi masa ƙarya ba, har da agogo. Amma aljihun mai fim da ke bin Nasara yana roƙo ba shi da zurfi. Sibiri ya shuka wake a makare, ruwa ya ɗauke yana fure. Da kaka ta yi, garin nan ya ga amfanin da rabonsa da gani tun ina budurwa. Ana ɗinka sababbin rumbuna, ana kiɗa, burkutuna ba ya kwana. Rumbun Sibiri kaɗai aka bari a buɗe kaji suna shiga.

Wango ya kai masa dami a kan jaki, ya sake kaiwa. Ya ce abin da ke rumbunsa nasu ne su biyu, ai Sibiri ne ya yi masa noma. Amma Wango na da baki tara a gida, kuma kowa ya iya lissafin nan. Sibiri ya ci na wata biyu. Sannan wata safiya ya kama kaza, ya ce Wango ya raka shi tudu, ya aika a kira tsoho Yabre.

"Na ba ka aro," in ji Sibiri. "Ka noma, ka ci da yarana. Zan je ƙwadago gonakin koko, can wajen Abijan, shekara ɗaya."

"Ba na so. Gonar tsakuwa, wa ke sonta?"

"Faɗi mana, mai kukan kaciya."

"A fim ni ne mai tafiya, wawa. Kai tsayawa kake yi. Ko wannan ma ba ka iya ba?"

"Faɗi."

Wango ya cire hula. Sannan ya ce, "Na karɓa. Da bakina zan mayar."

Sibiri ya tafi ta gaban rumfata da ƙunshinsa, sau ɗaya, ba wanda ya kira shi ya dawo.

Shekarar farko wani da ya dawo daga can ya ce ya gan shi yana saran daji, ya yi baƙi, yana tari. Daga nan ba mu sake jin komai ba. Daminar da ta biyo baya ta koma halinta na da. Zalisa ta jira iya jira, ta kwashi ƙananan ta koma gidan ubanta. Wango yana noma tudun nan kowace shekara kafin ya taɓa tasa gonar, ya kai wa yaran abin da aka samu a kan jaki. Bakinsa ya mutu. Yana zuwa rumfata ya zauna a gefe ɗaya na kututture, in wani ya zo zama a ɗaya gefen sai ya ce da mutum.

A rani na uku aka kawo mana fim ɗin. Dezire bai zo ba, masu majigi ya aiko, suka ce fim ya ci kyauta a ƙasar Nasara, mutane sun yi ta kuka. Suka ɗaura farin ƙyalle a bangon makaranta, rana na faɗuwa aka kunna. Mutane suna ta ihu suna nuna awakinsu da surukansu. Na ga hannuna yana tuƙa tuwo. Aka ga Wango da Sibiri suna rigima a kan ƙwarya, aka yi dariya har da faɗuwa. Wango yana kusa da ni, bai yi dariya ba.

Can wajen ƙarshe sai ga tudun, ga kukar, ga Sibiri. Fuskarsa ta cika ƙyallen, har ana ganin tabon da ke gefen girarsa. Sai na ji Wango ya miƙe. Ya ratsa ta cikin yara, inuwarsa ta hau kan ƙyallen, ana ce masa ya zauna bai ji ba. Ya tsaya daf da fuskar, ya cire hula.

"Sibiri," ya ce, da ƙarfi, yadda ake yi a gaban shaidu. "Ga gonarka. Na gode."

Ya jira. Duk muka jira, har da ni da na san ƙyalle ne.

Sibiri ya dubi can bayanmu, wajen hanya. Sannan ya ɗaga kai sama ya ce, "Bana ma babu."